Shekarar da Na Toshe Kafofin Iska

Habsu ɗiyata, gyara zama ki riƙe alƙalamin da kyau. Abin da na faɗa shi za ki sa, kada ki yi mani kwalliyar ƴan lakol masu boko. Ni Cima ban shiga aji ba, amma tun ina budurwa in na buɗe baki da labari a tsakar gida, mai daka takan aje taɓarya. Wannan na jikokina ne, musamman ke Nana, da kinka dawo daga biki a Cake bara kina tambayar uwarki Habsu abin da wata tsohuwa take nufi da ta ce a daina ba ki riƙon jinjiri. Labarin ba na uwarki ba ne. Nawa ne, kuma ga shi daga tushe.

Ubana magini ne a garin Sarkin Hausa, ɗakuna da rufewar hatsi yake ginawa, kuma cikin ɗiyansa duka ni ce na gaji hannunsa. Ni ke kwaɓa mashi ƙasa, ni ke jiƙa makuba, har na kai in na yi yaɓe, sai damana uku ta wuce bai tsage ba. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wanda ya san ni. Duk ɗakin da ubana ya gina, sai ya bar ƴan kafofi can sama kusa da azara. Wata rana na tambaye shi amfaninsu, tun da ta nan tsaka da jemage ke shiga. Ya ce mani:

"Ɗaki mai rai ne, Cima. In kinka hana shi numfashi, sai ya nemi na mutum."

Na ji maganar, na aje ta inda ake aje maganar tsofaffi, ban sake ɗauko ta ba sai da ta zo ta same ni da kanta.

Bayan rasuwar kakanku na koma Tasawa wurin ƙanena, don ni ba mai zaman jiran a ba ni ba ce. Na samu aikin shara a wani biro, wato ofis, na masu raba wa manoma iri. Ginin tsoho ne, na ƙasa, tun zamanin da, amma an shafe shi da siminti ciki da waje, an bi da fenti mai sheƙi, an rufe azarar da falafon na katako, har baƙo ya rantse ginin jiya ne. Ɗakuna uku ne. Na gaba na dirakta, Mushe Amadu, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, mutum mai son tsabta da gudun magana. Na tsakiya na masu zuwa da tafiya. Na ƙurya kuwa na Laminu ne, mai riƙon takardu, inda sunan kowane manomi daga nan har Mayahi yake kwance cikin dosiye. Tagar ɗakin ɗaya ce, ita ma an jingina mata wata doguwar armuwar, wato kabad, ta ƙarfe saboda rashin wuri, ta rufe ta ruf. Abin da ya rage wa ɗakin shi ne ƙofa, da kafofi uku can sama, irin na ubana, kowace kamar faɗin tafin hannu.

Laminu bai fi shekara talatin ba a lokacin. Kakarsa ƴar garinmu ce, don haka tun ranar farko ya maishe ni kakarsa, yake mani wasan jika. Da safe in ya tarar da ni da tsintsiya, tun daga bakin ƙofa zai fara:

"Amaryata, yau ma ba kwalli? Wallahi in kinka ci gaba da haka sakinki zan yi."

"Kai da ko fatari ba ka taɓa sawo mani ba? Wuce, miji maras amfani, kada ka taka mani shara."

Shi ke raba shayinsa da ni. In matarsa Balki ta aiko mashi da fura, sai ya zuba mani a moɗa tukun. Ina so ku san wannan, don ku san wanda anka ce na ci.

Abu ɗaya Laminu yake tsoro a duniya, tsaka. Kun san yadda muke da ita, ana cewa in ta taɓa abinci ba a ci, in ta faɗo wa mutum sai ya yi wanka. Ana gab da faɗuwar damana, ran nan wata ta saki bango ta faɗo cikin kofin shayinsa. Ya fito da gudu, babban mutum da gemu, har ya bar takalmi ɗaya a ciki. Da ya samu natsuwa ya ja ni ya nuna mani sama.

"Ta can suke shigowa, Inna. An ce ke ɗiyar magini ce. Don Allah ki toshe mani su."

"An ce? Kai dai ba ka ga aikina ba."

A nan na yi kuskurena, kuma ba kuskuren jahilci ba ne, na taƙama ne. Da tsumma na cusa, da iska ta samu hanya. Amma ni Cima ba zan yi aikin da za a ce na tsumma ne ba. Na je bakin tabki na ɗebo jar ƙasa mai danƙo, na haɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki, na bar ta ta kwana biyu, na hau teburi na cike kafofin nan uku ciki da waje, na shafe da ruwan makuba har sunka yi santsi kamar bayan tulu. Ko tururuwa ba ta samu wurin wucewa ba. Mushe Amadu ya zo ya duba ya ce aiki ya yi kyau. Laminu ya ce ya fasa sakina. Na koma gida ina jin kaina.

Damanar shekarar nan ta zo da ƙarfi. Ruwa ake yi kamar an huda sama, hanyar amalanke ta zama gulbi. Ba a yi wata guda ba na fara jin ɗakin ya sake. Ni ke fara buɗe shi kowace safiya. Ƙofar ta kumbura, sai na sa kafaɗa. In ta buɗe, wata iska ke fitowa ta dafa mani fuska, mai sanyi, mai nauyi, kamar wani ya daɗe tsaye bayan ƙofar yana jira a buɗe ya saki numfashi. Warin ba na mushe ba ne, ba na masai ba ne. Wari ne mai shiru, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro har azahar. Ranar Litinin ya fi tsanani, bayan ɗakin ya kwana biyu a kulle. Kuma ko rana ta take, sama ba gajimare ko ɗaya, in na tsaya na kasa kunne sai in ji wani abu cikin falafon, ɗis, sai shiru, ɗis, sai shiru. Ina dubawa ƙasa ba ɗigon komi.

Wata Litinin na tarar da takalman alwalar Laminu, na fata, da ya bari ƙarƙashin teburi ran Juma'a. Sun yi gashi. Wani farin gashi mai laushi ya rufe su, kamar furfurar tsoho. Na goge, ban faɗa wa kowa ba. Takardun cikin armuwar sunka fara mannewa da juna, in ya ɓamɓare sai a ga baƙaƙen ɗigo sun cinye sunayen mutane. Ya nuna mani wata, yana dariya, ya ce wani abu na karatun dosiyensa in ba ya nan. Dariyar ba ta ƙare ba tari ya sarƙe shi, ya dafa teburi har idanunsa sunka kawo ruwa.

Daga nan tari ya zauna mashi. Idanu ja, kai na sarawa, ƙirji na kuka kamar ƴar mage in ya ja numfashi. Ya je likita anka ba shi ƙwayoyin mura, bai ji sauƙi ba. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, in ya koma gida ran Juma'a, kafin Lahadi ya warware, har ya fita hira. Ran Litinin kafin azahar ciwo ya dawo. Nan mutane sunka fara cewa ɗakin da mai shi. Anka samo rubutu wurin wani malami, anka ce a riƙa yayyafa shi kusurwa huɗu kowace safiya, a turara ɗakin, a ja ƙofa kada hayaƙin ya fita. Wa zai yi in ba mai shara ba? Ni na riƙa yi. Dama al'adata ce in yayyafa ruwa kafin in share. Ga ruwan shara, ga ruwan rubutu, ga ƙofa a rufe. Da hannuna na riƙa shayar da abin, safiya bayan safiya, ina bismilla.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Cikin zafin ciwon, gaban matarsa da ƴan uwansa da masu dubiya, ya riƙa kiran suna ɗaya:

"Inna Cima. Inna Cima."

Ku ƴan yanzu wataƙila ba ku san nauyin wannan ba. A wurinmu, in maras lafiya ya fita hayyacinsa ya kama sunan mace, to an gama shari'a. Ana cewa kurwarsa ce ke faɗin wadda ta kama ta. Nan da nan wani ya tuna cewa ranakun da ba ya ganina su ne ranakun da yake samun lafiya. Wata ta tuna ina shan furarsa. Wani ya ce ai shi ya taɓa ganina ni kaɗai a ɗakin, tsaye, na ɗaga kai sama ina sauraren abin da ba kowa ke ji ba. Duk gaskiya ne, kuma duk sunka haɗu sunka zama ƙarya.

Ba wanda ya faɗa mani a fuska. Mai ƙosai da nake saye wurinta shekara huɗu, ran nan ta aje mani ƙullin a ƙasa maimakon ta miƙo mani. A bakin famfo mata sunka riƙa jan ɗiyansu bayan zane. In na yi sallama sai a amsa ana duban ƙasa, don kada ido ya haɗu. Mushe Amadu ya kira ni, yana ta jujjuya makulli a hannu, ya ce:

"Iya, ki ɗan huta a gida tukun. Ni ban yarda da irin waɗannan maganganu ba, kin gane, amma mutane..."

"Waɗanne maganganu, Mushe? Faɗe su in ji."

Ya ci gaba da jujjuya makullinsa. Na aje mashi tsintsiyarsa a kan teburi, kan takardunsa, na fita.

Ina barin aiki, Laminu na kwance a gida, sai ya fara samun sauƙi. Sati biyu ya miƙe. Gari ya ce kun gani, ta ji tsoro ta sake shi. Ya koma biro, ya shiga ɗakinsa, kwana huɗu anka ɗauko shi a amalanke, numfashi na fita da ƙyar. Gari ya ce ta sake kamawa, ta binne kurwar a ɗakin. Ko ta ina na juya, ni ce.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da na daure, don ni ban taɓa cin abinci da bakin mutane ba. Amma maita, in ji su, a nono ake shan ta. In uwa mayya ce, ɗiyarta ma haka, ɗiyar ɗiyarta ma haka, har inda jinin ya tsaya. Wata safiya ina zaune sai ga Habsu ta sauka daga amalanken Cake, goye da ke, Nana, kina wata biyar. Ba ta gaishe ni da kyau ba ta zauna bakin ƙofa ta ce:

"Inna, kwana uku ke nan ina tuƙa tuwo ana maido mani da shi yadda na kai. Uwar mijina ta ware mani randa."

Ki rubuta, Habsu, kada ki tsaya. Na san kin tuna.

Ba mu gama wannan ba sai ga sallamar Balki, matar Laminu, da mata biyu a bayanta. Tana riƙe da ƙwaryar ruwa a hannu ɗaya, rigar mijinta a ɗayan. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Durƙusawa ta yi.

"Inna, ban zo faɗa ba. Ki kurkure baki ki zuba a nan in kai mashi ya sha. Ki zo ki tsallaka shi sau uku. Ba wanda zai ƙara cewa komi. Ɗiyanmu ƙanana ne."

Haka ake yi. Wadda anka zarga ta kurkure baki, ta tsallaka maras lafiya, an ce sai ta saki kurwar. Abu ne na ɗan lokaci kaɗan. Amma duk wadda ta ɗaga ƙafa ta tsallaka, ta amsa ke nan, ita da zuriyarta. In kuma na ƙi ya mutu, na kashe shi. Na dubi ƙwaryar, na dubi ƙafafun jinjirar da ke leƙowa ta gefen zanen Habsu.

Balki ta matso ta aje rigar a cinyata, wai in taɓa ta. Rigar da ya sa ce ranar da anka ɗauko shi. Warin ya taso ya shiga hancina. A biro na saba da shi har na daina tambayar kaina. Amma a nan, a fili, ƙarƙashin rana, bayan sati uku ban shaƙe shi ba, sai na gane shi. Ina ƴar shekara goma, wata shekara ruwa ya yi dukan hatsi a gona, wani maƙwabcinmu ya yi gaggawa ya zuba damman da sauran laima cikin rufewa, ya liƙe bakin. Da anka kira ubana ya fasa, hatsin ya zama baƙi, ya yi gashi, kuma ubana ya yi wata guda yana tari. Hunhuna. Warin ke nan, ba wani ba. Sai maganar ubana ta taso daga inda na aje ta, ta tsaya gabana.

Na gane ba ni da maita, kuma na gane ni ce. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa ɗaga kai ya dubi saman bangon nan, don aikina ya yi kyau har ba a ganin inda kafofin suke. In na yi magana, zan wanke nonona in shafa wa hannuna baƙi. Na miƙe na ɗauki taɓarya.

"Balki, tashi. Ba zan tsallaka mijinki ba. Amma zo in nuna maki wanda ya kama shi."

Da rana tsaka munka ratsa gari, ni a gaba da taɓarya, su a baya, mutane na ƙaruwa kamar ana rakiyar gawa. Mushe Amadu ya so ya hana, na ce mashi in bai buɗe ba zan buɗe da abin da ke hannuna. Ya buɗe. Tun ranar da anka ɗauke Laminu ba wanda ya shiga. Iskar ta fito ta bugi na gaba, sunka ja da baya suna salati. Ni na shiga. Ɗakin duhu, shiru, sai ɗis ɗin nan daga sama. Na ce maza biyu su zo su ja armuwar. Sunka tsaya kallon juna, sai da na ce ashe Tasawa ba maza, sa'an nan sunka shigo sunka ja.

Abin da ke bayanta, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Bangon baƙi ƙirin tun daga ƙasa har falafon, ba baƙin hayaƙi ba, baƙi mai gashi, mai kauri kamar bayan tunkiya, da kore da fari a gefe-gefe. Ya bi bango ya miƙa rassa hagu da dama, ya zagayo ta bayan kujerar Laminu, daidai inda kansa ke jingina. Da iskar ƙofa ta taɓa shi, sai gashin ya kwanta ya tashi. Wata mata ta ƙwala ihu ta ce yana numfashi. Fentin ya kumbura ƙuraje-ƙuraje, na danna ɗaya da kan taɓarya, ruwa ya tsarto. Simintin ya riƙe laimar cikin ƙasar ginin, ba ta fita waje, ba ta bushe a ciki.

Na hau teburin nan da na taɓa hawa. Na daki falafon sau ɗaya, katakon ya ɓurme kamar jiƙaƙƙiyar waina, baƙin ruwa ya zubo mani a ka, ya bi wuyana. Indararo ne ya toshe a sama, ruwan ya taru yana tsatsa tun farkon damana. Sa'an nan na juya ga bango. Ba wanda ya san abin da nake nema, ni kaɗai na san wurin. Na daka. Aikina ne, bai ba da kai da sauƙi ba, sai a bugu na bakwai. Toshiyar farko ta faɗa waje, haske ya shigo kamar sanda, kuma cikin hasken munka ga abin da Laminu ya yi wata uku yana shaƙa, wani abu ƙura-ƙura mai rai yana juyawa, ɗakin cike da shi. Na fasa ta biyu, na fasa ta uku. Daga kan teburin, da ruwan nan a fuskata, na juyo na ce:

"Ku dube ni da kyau, kowa ya haɗa ido da ni. Ni Cima ɗiyar magini, ban ci kurwar kowa ba, uwata ba ta ci ba, ɗiyata ba za ta ci ba. Kafofin nan uku ni na toshe su da hannuna kafin damana. Ɗakin ya rasa numfashi ya kama na Laminu. In da laifi, ga hannun. Ku bar nonona."

Anka kira majo, babban mai duba marasa lafiya, daga likita. Ya ɗaure hanci da ƙyalle ya shiga, ya fito ya kori kowa daga bakin ƙofa. Ya ce hunhunar nan tana da ƴaƴa ƙanana da ido ba ya gani, su ke shiga ƙirji, kuma mai raunin ƙirji su kan kwantar da shi. Ya ce kada Laminu ya sake taka ɗakin, a kankare bangon, a gyara rufin, a buɗe taga. Ya faɗa da Faransanci ya faɗa da Hausa, mutane na gyaɗa kai. Abin da na faɗa ne, sai dai shi da farar riga.

Laminu bai mutu a shekarar ba. An sake mashi magani, ya tashi. Amma ƙirjinsa bai koma daidai ba. Ya bar aikin, ya riƙa yawo da wani ɗan abin fesawa a baki cikin aljihu, kuma duk damana sai ya kwanta. Ya shekara tara a haka kafin ya rasu. Shi bai riƙe ni ba, ya faɗa wa kowa cewa shi ya roƙe ni. In mun haɗu a kasuwa yakan ce amaryata, muryar na fita da ƙyar, ni kuma in kasa mayar mashi da wasan. Balki ce ba ta yafe ba. Na je har gidanta, ta tare ni a zaure ta ce:

"Da maita ce, Inna, da na yafe maki, don mayya ba ita ta zaɓa ba. Shi ɗan lakol ne, bai san ɗaki ba. Ke kin sani."

Na juya na koma gida. Har yau in mun haɗu takan sauya hanya, kuma ban ga laifinta ba. Aikin ma ba a maida ni ba. Ni kuma abin da na shaƙa a kan teburin nan ya bar mani nawa rabon, shi ne tarin da kuke ji in hadari ya haɗu. An gyara ɗakin, an ce yanzu ba komi. Ni dai ko an gyara, in na bi ta bayan ginin bayan ruwan farko, ba na tsayawa.

Kwana biyu bayan fasa kafofin na hau amalanke na raka Habsu Cake. Na tara mutanen gidan mijinta, na ba su labarin nan kamar yadda na ba ku, ban rage laifina ko ƙwaya ba. Sa'an nan na ce Habsu ta ɗora tukunya. Ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka, ta kawo ta aje gaban uwar mijinta. Tsohuwar ta daɗe tana duban akushin. Tururin ya tashi har ya fara kwantawa. Can ta jawo ruwa ta wanke hannu, ta gutsura, ta kai baki, ta tauna, ta ce:

"Gishiri ya yi kaɗan."

Habsu ta juya baya tana kuka, ni kuwa na ce a miƙo gishirin.

Magana irin wannan ba ta mutuwa duka, takan bar saiwa a bakin tsofaffi, shi ne abin da kinka ji a wurin biki, Nana. Yanzu kin san amsar. In wata ta sake faɗa maki, ki ce kakarki ta yi laifi da hannu, ta faɗe shi da bakinta gaban gari, kuma ta biya. Nonon da kinka sha fari ne tas. Ki miƙa hannu ki karɓi jinjirin.

Kafofin da ke saman ɗakin nan nawa kuwa, na ji kuna cewa za ku toshe su in na kau, saboda tsaka. Ku bar mata hanyarta.